Cika Littafi da Rubutu Ba Shi Ne Iya Karatu Ba

Iyaye da yawa idan suna son sanin ko ɗansu yana karatu, littafinsa suke buɗewa. Su ga shafi bayan shafi cike da Turanci, rubutu tsaf, ga jan biron malami, sai hankalinsu ya kwanta. Ni aikina koyar da Turanci ne a ƙaramar sakandare, aji ɗaya zuwa uku, kuma gaskiyar da zan gaya musu ita ce, wannan littafin abin da yake nunawa kawai shi ne yaro ya iya kwafa daga allo. Akwai ɗaliban da rubutunsu kamar an buga da inji, amma ka ɗora yatsa a kan layin da suka rubuta jiya ka ce su karanta, sai su yi tsuru-tsuru.

Abin da yake rufa wannan asiri shi ne karatun amshi. Aji ya cika maƙil, yara tamanin ko fiye, wasu a benci wasu a ƙasa. Malami ya karanta layi, aji ya amsa. Muryoyi goma ne suke jan ragamar, sauran suna bin sauti da baki, idonsu ma ba a kan takardar yake ba. Mai wucewa ta taga zai ce karatu ya kankama. Abin takaicin shi ne mun gaji hanyar da ta fi wannan a gida. A makarantar allo ba a wanke wa yaro allo sai ya zo gaban malam ya biya shi kaɗai, an ji da kunne cewa ya iya. A boko kuwa yaro yana iya shekara shida a firamare, ya shigo sakandare, babu wanda ya taɓa zama ya saurari karatunsa shi kaɗai.

Daga nan ne lissafi yake dagulewa. Manhajar ƙaramar sakandare ta ɗauka cewa yaro ya riga ya iya karatu, don haka babu sauran darasin haɗa baƙi. Kimiyya da Turanci ake yin ta, darasin zamantakewa da Turanci, hatta tambayar lissafi sai an karanta kafin a warware. A ƙarshen aji uku ga jarrabawar BECE, gaba kuma ga WAEC da NECO, inda rashin kiredit a Turanci yake tsare yaro a ƙofar jami'a ko da ya ci sauran darussa. Shekarun nan uku na ƙaramar sakandare su ne dama ta ƙarshe mai sauƙi. Bayan su kunya takan shiga, saurayi ko budurwa ba sa yarda a ga suna haɗa baƙi.

Saboda haka makonni biyun farko na zango ba na taɓa manhaja. Ina ba aji aiki, in riƙa kiran yara ɗaya bayan ɗaya zuwa bakin ƙofa, kowa minti ɗaya ko biyu. Takarda guda ce: haruffa a sama, sai kalmomi, sai gajerun jimloli, sai ɗan labari, gefe ɗaya da Hausa, ɗaya gefen da Turanci. Inda yaro ya tsaya, nan zan fara da shi. Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta shahara da raba yara bisa matakin karatunsu maimakon ajinsu, kuma an gwada hanyar a Borno da Kano. Abin da nake gani kowace shekara shi ne, yaron da ya iya karanta Hausa, ko da Turancinsa ba ya motsi, yakan kamo da wuri. Wanda ba ya karanta ko ɗaya, da Hausa nake fara masa.

Na san akwai abokan aiki da ba su yarda da wannan ba, har yanzu ana cin tarar yaro ko a sa shi tsallen kwaɗo don ya yi Hausa a aji. Ina ganin asara ce. Tun shekarun 1970, gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci tsawon firamare, ana ba su Turanci a matsayin darasi, ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Dalilin a fili yake. Rubutun Hausa yana bin furuci, abin da ka gani shi za ka faɗa, don haka yaro yakan gane sirrin haɗa baƙi da wasali cikin sauƙi. Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka kusan 44. Dubi though da through da tough: ƙarshensu iri ɗaya a ido, furucinsu uku daban. Yaron da bai san yadda karatu yake tafiya ba, ka jefa shi cikin wannan, dole ya koma hadda.

Kurakuran ɗalibanmu ma ba na daƙiƙanci ba ne, suna da tushe, kuma wanda ya san tushen ya fi saurin gyarawa. Wasulanmu biyar ne, shi ya sa hat da hut da heart duk sauti ɗaya suke a kunnen yaro, kuma yadda ya ji haka zai rubuta. Ba mu raba p da f, sai pan ta koma fan. A nan nakan sa kowa ya riƙe guntun takarda a gaban leɓensa, ya ga yadda take zabura idan ya rufe baki ya saki p. Ba ma son baƙaƙe su cunkushe babu wasali, shi ya sa muke cewa burodi da fulawa, yaro kuma ya cusa wasali a tsakiyar kalmar Turanci. Sai babba, wato lokacin aiki. A Hausa muna cewa ya tafi, zai tafi, aikatau yana nan yadda yake, abin da ke gabansa ne yake canzawa. Turanci jikin aikatau ɗin yake taɓawa. Yaron da ya rubuta he go yesterday nahawun Hausa ya bi daidai. Ka jera masa jimlolin biyu a allo gefe da gefe, minti biyar sun isa ya gano inda bambancin yake.

Akwai wata yarinya a aji biyu da malamai suka yanke wa hukuncin ba ta ja. Wata rana aka kama ta da littafin soyayya na Hausa a ƙarƙashin hijabi, aka kawo mini don in hukunta. Na ce ta karanta mini shafi ɗaya. Ta zuba shi kamar ruwa, har da sauya murya idan wani ya karɓi magana. Na ce to, gobe ki kawo mini abin da ya faru a wannan babin cikin jimla biyar na Turanci. Ta kawo su a karkace, amma nata ne, babu wanda ta kwafa. Kafin ƙarshen shekara ita take karɓar littafin Turanci daga hannuna ta mayar ta karɓi wani.

Zaɓen littafi yana da ƙa'ida. Masu bincike irin su Paul Nation sun nuna cewa sai mai karatu ya san kusan kalma 98 cikin 100 kafin ya ji daɗin karatu ba tare da taimako ba. A aji nakan ce yaro ya buɗe shafi, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa. Idan hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, a nemo wanda ya fi sauƙi, ko da na 'yan firamare ne. Masu ɗan ƙarfi ina ba su The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, saboda labarin a ƙasarmu yake gudana, ko Chike and the River na Chinua Achebe. Laburarenmu kwalin taliya ne da ake zagayawa da shi, kuma minti goma na farkon darasi na karatun shiru ne.

Rubutu kuma sai an raba yara da haddar insha'i. Ka ce a rubuta yadda aka yi hutu, rabin aji sun ziyarci kawunsu a Legas, alhali ko tasha ba su je ba. Nakan ce a rubuta yadda ake yin awara, ko yadda ake facin tayar keke, ko abin da aka gani ranar hawan sallah. Mu fara tattaunawa da Hausa, mu tara kalmomin Turancin a allo, sannan kowa ya rubuta layi biyar nasa. Wajen dubawa ba na yi wa shafi wanka da jan biro. Wannan makon aya da babban baƙi kawai nake bi, mako mai zuwa lokacin aiki. Yaron da aka jan layi a kowace kalma tasa, gobe layi biyu zai rubuta don ya rage laifi.

Iyaye, ko ba ku jin Turanci kuna da rawar takawa. Bayan magariba a sa yaro ya karanta da ƙarfi minti goma, sannan a ce ya faɗi abin da ya karanta da Hausa. Wanda ya fahimta zai bayar da labari, wanda bai fahimta ba zai yi ta kame-kame, kuma uwa ba ta bukatar kowa ya fassara mata wannan. A rage wa 'yan mata aiki a wannan ɗan lokacin. Idan kun je makaranta, ku tambayi malamin Turanci ko ya taɓa jin karatun ɗanku shi kaɗai, kuma a wane mataki ya same shi.

Idan yaro yana ƙanƙance ido, yana manna fuska a takarda, ko yana yawan cewa a maimaita, a kai shi asibiti a duba ido da kunne, a kuma roƙi a dawo da shi bencin gaba. Wanda aka bi da shi a hankali zango guda cur amma har yanzu yana juya b da d, yana tsallake layi, alhali a magana yana da kaifin basira, mai yiwuwa yana da larurar da take wahalar da karatu. Irin wannan yaro duka ba ya ƙara masa komai. Yana bukatar a zauna da shi shi kaɗai, kaɗan-kaɗan kullum, a kuma riƙa yi masa wasu tambayoyin da baki don a san abin da ya sani.