Darasi: Kwanakin Wata da Cikowar Teku

Manomi a Dodoru ko masunci a bakin Gulbin Kebbi ya san abin da ke kawo cikar kogi: damina ce. Ruwa ya sauka, fadamu su cika, rani ya zo su janye. Amma ruwan nan da ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara, ya bi ta Yawuri da Lakwaja, ƙarshensa Tekun Atlantika ne, kuma a can lissafin dabam yake. Teku yakan ciko ya hau gaɓa, sa'an nan ya janye, sau biyu kowace rana, rani da damina. Tsakanin cikowa da cikowa awa 12 ne da minti 25, don haka kullum lokacin yakan jinkirta da kamar minti 50, daidai da yadda fitowar wata ke jinkirta.

Dalilin wannan shi ne ƙarfin ja da ke tsakanin halittun sama, wanda Isaac Newton ya bayyana a littafinsa na 1687. Wata yana nesa da mu da misalin kilomita 384,000, amma yana jan duniya. Ruwan da ke gefen da ya fuskance shi ya fi jin jan, sai ya kumbura. Ruwan da ke can ɗaya gefen shi ne jan ya fi yi wa rauni, sai a bar shi baya, shi ma ya kumbura. Da duniya ke juyawa, kowace gaɓa takan ratsa tudun ruwan nan biyu. Rana ma tana nata jan, amma saboda nisanta, idan muka ce tasirin wata 100 ne, nata bai wuce 46 ba.

To, a nan ne ƙidayar kwanakin wata, wadda ko yaro a ƙasar Gwandu ya iya, ke shigowa. Lokacin tsayuwar jinjirin wata, da kuma daren goma sha huɗu, rana da wata da duniya suna kan layi ɗaya. Ƙarfin biyu ya haɗu, 100 da 46, sai a sami babbar cikowa: ruwa ya hau can sama, in ya tashi janyewa kuma ya yi nisa ƙwarai. Amma wajen bakwai ko takwas ga wata, da kuma ashirin da biyu, sa'ad da ake ganin rabin wata kawai, rana tana ja ta gicciye. Inda wata ke tara ruwa, nan rana ke rage shi. Abin da ya saura 54 ne. Wannan ita ce ƙaramar cikowa. Ruwa ba ya hawa sosai, ba ya kuma janyewa sosai, gudunsa a bakin rafuffuka yakan yi sanyi. A wurare da yawa teku yakan makara da kwana ɗaya ko biyu kafin ya bi wata.

Tun kafin Newton mutane sun lura da haka. Bede, wani malamin zuhudu a Jarrow ta Ingila, ya rubuta littafi a 725 kan lissafin lokaci da ranar Ista, a ciki ya nuna cewa teku yana bin wata, ya kuma raba cikowa babba da ƙarama. Bai san dalilin ba, amma idonsa bai yi kuskure ba.

Mai karatu zai ce, ina ruwan ɗan Kalgo da teku? 'Yan'uwanmu da yawa suna tafiya cin rani Ikko da Fatakwal da Warri, wasu har su shiga aikin kwale-kwale ko ɗibar yashi. Wanda ya saba da kogin da ba ya sauyawa cikin yini ɗaya, shi teku ke ruɗa. A Ikko bambancin ruwan bai kai na wasu wurare ba, wajen mita ɗaya ne, amma yana ƙaruwa idan an nufi gabas wajen Bonny da Kalaba. A mashigin Fundy na Kanada yakan kai mita 16.

Ƙaramar cikowa ta fi sauƙi ga mai tuƙi da filafili, amma tana da nata tarko. Jirgin da ya shiga rafi mai taɓo a ƙarshen babbar cikowa, ya kafe a can, ruwan gobe ba zai kai inda na yau ya kai ba, na jibi kuma ya fi shi ƙasa. Mai jirgin zai iya jira kusan mako biyu, sai wata ya cika ko ya sake tsayuwa, kafin ruwa ya ɗaga shi. Haka kuma wanda ya ajiye kaya ko ya kafa rumfa a bakin teku ranar bakwai ga wata, yana ganin ruwa can nesa, ranar goma sha biyar zai iske ruwan a ƙofarsa, balle in an yi hadari da iska a daren.

Tafkin Kainji kuwa, duk da faɗinsa, ya yi ƙanƙanta ƙwarai wata ya motsa shi yadda ido zai gani. Hawansa da saukarsa daga damina suke, da kuma buɗe ƙofofin madatsar da aka gama a 1968.