Suna da Lamba: Yadda Ake Tsara Kundin Tarho na Kamfani

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga babban asibiti, ko banki, ko otal, ya ga yadda ma'aikaci kan ɗauki kan tarho ya danna alƙaluma uku ko huɗu kacal, nan take ya sami abokin aikinsa da ke wani ofis. Waɗannan wayoyi da aka fi sani da intakom duk suna haɗe ne da na'ura guda mai rarraba kira, wadda masana ke kira PBX a taƙaice. Aikinta iri biyu ne: tana haɗa kiran cikin gida ba tare da an bi ta kamfanin tarho ba, kuma tana raba 'yan layukan waje tsakanin ma'aikata masu yawa. Sai dai na'urar ba ta san kowa ba. Dole wani ya zauna ya ba kowane kan tarho lamba, ya liƙa wa lambar suna, ya adana su a kundi. Wannan darasi zai bayyana ƙa'idojin wannan aiki, da lissafin da ke ƙarƙashinsa, da kuma abin da kan faru in an yi masa riƙon sakainar kashi.

Suna ya riga lamba

Kundin tarho na farko a duniya ya fito ne a garin New Haven na ƙasar Amurka ranar 21 ga Fabrairu, 1878. Shafi ɗaya ne mai ɗauke da sunaye 50, kuma babu lamba ko ɗaya a cikinsa. A wancan zamani mai kira kan faɗa wa mai haɗa waya sunan wanda yake nema, shi kuma ya haɗa su da hannu.

A shekarar 1879 annobar ƙyanda ta ɓarke a garin Lowell na jihar Massachusetts. Wani likita mai suna Moses Greeley Parker ya lura cewa masu haɗa wayar garin su huɗu ne kawai, kuma sun haddace gurbin kowane mai tarho ne da ka. In ciwo ya kwantar da su, waɗanda za su maye gurbinsu ba za su san wane rami ne na wane ba. Sai ya ba da shawarar a ba kowa lamba. Bayan haka, a 1891, Almon Strowger ya sami rajistar na'urar da ke haɗa kira ba tare da mutum ba, aka fara aiki da ita a garin La Porte a 1892. Tun daga nan aiki ya rabu biyu: mutum yana riƙe suna, na'ura tana bin lamba, kundi kuwa shi ne mai haɗa su.

Yadda na'ura ke jin lamba

Kamfanin Bell ya fito da tarho mai maɓallai a 1963. Duk maɓallin da aka danna yana aika sautuka biyu a lokaci guda, ɗaya na jerin kwance, ɗaya na jerin tsaye. Ana auna sauti da yawan kaɗawarsa a daƙiƙa ɗaya, ma'aunin kuwa shi ne Hertz. Jerin kwance suna da 697, 770, 852 da 941, jerin tsaye kuma 1209, 1336 da 1477. Maɓalli na 5, alal misali, yana fitar da 770 da 1336 tare, na 9 kuma 852 da 1477. Abin lura a nan shi ne alƙaluma suna isa ga na'ura ɗaya bayan ɗaya, saboda haka dole ta san inda lamba ta ƙare kafin ta haɗa kira.

Ƙa'idojin tsara lambobi

Ƙa'ida ta farko ita ce kada wata lamba ta zama farkon wata. In akwai ofis mai lamba 20, akwai kuma mai 201, to duk lokacin da aka danna 2 da 0 na'ura za ta dakata na 'yan daƙiƙoƙi tana jiran ko akwai saura. Mai sanyin hannu da ke neman 201 zai iya faɗawa ofis na 20. Maganin wannan shi ne a sa dukan lambobin ciki su zama tsawonsu ɗaya.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a keɓe alƙalamin farko, domin shi ne ke nuna wa na'ura hanya. Ga misalin tsari:

0: mai haɗa waya
1: lambobin gaggawa da na hidima
200 zuwa 299: sashen mulki
300 zuwa 399: sashen kuɗi
400 zuwa 499: sashen ciniki
9: layin waje

Da wannan tsari alƙaluma bakwai ne suka rage na farawa, wato 2 zuwa 8. Kowane yana ba da lambobi 100, jimla 700 ke nan. In an koma alƙaluma huɗu, adadin ya zama 7,000. Ya kamata a bar gurabe a kowane sashe saboda sababbin ma'aikata, don sauya lambobin kamfani gaba ɗaya yana nufin sake buga takardu da katunan kowa. Ba ko'ina ake amfani da 9 ba. A ƙasashen Turai da dama 0 ne ke ba da layin waje.

Ƙa'ida ta uku ta shafi lambobin waje da ake adanawa a kundi. Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta tsara cewa cikakkiyar lamba ba za ta wuce alƙaluma 15 ba, kuma tana farawa da lambar ƙasa: 234 ga Nijeriya, 227 ga Nijar. Lambar salula ta Nijeriya mai alƙaluma 11 tana farawa da 0, amma in za a rubuta ta a cikakken tsari sai a cire sifirin a sa +234. Adana lamba ta haka ya fi, domin reshen kamfani da ke wata ƙasa zai iya amfani da kundin yadda yake.

Neman mutum da sunansa

Na'urori da yawa suna ba mai kira damar danna haruffan farko na suna in bai san lamba ba. An raba haruffa 26 a kan maɓallai takwas kamar haka: 2 ABC, 3 DEF, 4 GHI, 5 JKL, 6 MNO, 7 PQRS, 8 TUV, 9 WXYZ. Tun da maɓalli ɗaya yana wakiltar haruffa uku ko huɗu, sunaye daban-daban kan zama abu ɗaya a wurin na'ura. Musa shi ne 6872, Nura ma 6872 ne. Sani, Sanusi, Sambo da Ramatu duk suna farawa da 726.

Ana iya auna girman matsalar da lissafi. In haruffa uku ake dannawa, hanyoyin da ake da su 8 × 8 × 8 ne, wato 512. Mai karatu zai yi zaton wannan ya ishi ƙaramin kamfani, amma lissafin yiwuwa ya nuna cewa da zarar sunaye sun kai 27, yiwuwar biyu daga cikinsu su yi karo ta kai rabi. Wannan ma in sunaye sun bazu daidai ne a kan maɓallai, alhali a ƙasar Hausa sunaye masu farawa da Abd da Muh suna da yawa ƙwarai. Don haka akan sa na'ura ta karanto sunayen da suka yi karo, mai kira ya zaɓa, ko kuma a ƙara yawan haruffan da za a danna.

Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma a nan ma sai an riƙe shi da kyau. Mai tsara kundi ya kula da abubuwa huɗu. Na farko, kada a fara da laƙabi. In aka rubuta Alhaji a gaban suna, duk alhazan kamfani za su taru a 254, tare da duk mai suna Ali ko Aliyu. Na biyu, a tsaya kan rubutu ɗaya. Musa a rubutun Nijeriya 6872 ne, amma Moussa yadda ake rubuta shi a Nijar 668772 ne. In na'ura ta yarda, sai a shigar da duka biyu a kan lamba guda. Na uku, haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, ba su a kan maɓallai, kuma tsofaffin na'urori masu tsarin ASCII ba su san su ba. Saboda haka a gurbin nema a rubuta Danladi, a gurbin nunawa kuma a rubuta Ɗanladi in na'urar tana karɓar tsarin Unicode. Na huɗu, a kula da tsawo. A Amurka sunan mai kira da ke bayyana a allon tarho ba ya wuce gurabe 15, kuma a irin wannan allo Abubakar Abdullahi zai tsaya a Abubakar Abdull.

Lambar gaggawa

A watan Disamba na 2013, a wani otal da ke garin Marshall na jihar Texas, an kai wa wata mata hari a wani ɗaki. 'Yarta mai shekara tara ta buga 911, lambar gaggawa ta Amurka, har sau huɗu, kiran bai fita ba, domin na'urar otal ɗin tana bukatar a fara danna 9. Matar ta rasu. Wannan ya sa aka kafa dokar da ake kira Dokar Kari a 2018, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2020. Ta wajabta wa sababbin na'urori su fitar da kiran gaggawa kai tsaye, kuma su sanar da wani ma'aikaci a ginin, kamar mai karɓar baƙi.

A Nijeriya 112 ce lambar gaggawa ta ƙasa. Wannan shi ne dalilin keɓe alƙalami na 1 a misalin da ya gabata: kada a ba wani ofis lambar 112, kuma a tsara na'ura ta fitar da kiran ko an danna 9 ko ba a danna ba. Haka nan ya kamata kundi ya nuna ginin da kowane kan tarho yake, da hawa, da lambar ɗaki, don masu kai ɗauki su san inda za su nufa.

Kammalawa

A yau yawancin sababbin na'urorin rarraba kira manhajoji ne da ke aiki a kwamfuta ta hanyar intanet, irin su Asterisk da Mark Spencer ya fara rubutawa a 1999. Duk da haka ƙa'idojin suna nan yadda suke. Abin da ya rage shi ne kulawa: a naɗa mutum ɗaya mai alhakin kundi, a gyara shi ranar da ma'aikaci ya zo, ko ya tafi, ko ya sauya ofis, kuma kada a yi gaggawar ba wani lambar wanda ya tafi, don masu neman na farko ba su daina kira ba tukuna.

Aikin aji

1. Kowane ɗalibi ya mayar da haruffa uku na farkon sunansa zuwa alƙaluma. Sunaye nawa ne suka yi karo a ajin?
2. In an keɓe 0, 1, 8 da 9, lambobin ciki nawa masu alƙaluma uku za a samu?
3. A tsara lambobi ga makaranta mai sassa biyar da ma'aikata 120, tare da barin gurabe.
4. Waɗanne sautuka biyu ne maɓalli na 1 da na 0 ke fitarwa? A zana jadawalin maɓallan a gano amsa.