Shingen bincike a hoton ƙwaƙwalwa: a kafa shi kafin a ga sakamako

Na'urar fMRI tana raba ƙwaƙwalwa zuwa ƙananan gutsattsari da ake kira boksal, kowanne faɗinsa milimita 2 ko 3, kuma kowanne sai an yi masa gwajin ƙididdiga nasa. Idan boksal 100,000 ne, aka bar ma'aunin kuskure, wato adadin p, a kan 0.05, kusan 5,000 za su haska ko da babu abin da ke faruwa. Craig Bennett da abokan aikinsa sun nuna haka a 2009, lokacin da suka saka mataccen kifin salmon a na'urar, suka samu alamun aiki a kansa saboda ba a yi gyaran yawan gwaje-gwaje ba. Gyaran kuwa, na Bonferroni ne ko lissafin da Keith Worsley ya shimfiɗa, tsananinsa yana ƙaruwa ne da girman wurin da aka bincika, har ƙaramin aiki na gaskiya ya kasa tsallakewa.

A nan shinge ke da amfani. Hoto ne mai ɗauke da 1 a inda za a gwada da 0 a inda za a bari. Mai nazarin tsoro, wanda ke da hujjar zaton sashen ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, yana iya taƙaita gwajinsa ga boksal 'yan ɗaruruwa, gyaran ya yi sauƙi, ƙarfin ganowa ya ƙaru. Wannan halal ne, da sharaɗi ɗaya da ba na ganin ana iya sassauta shi: shingen ya fito daga wani wuri dabam, ba daga sakamakon da ake son tabbatarwa ba. Wanda ya duba taswirarsa, ya ga ɗigo yana haske, sannan ya zagaye shi da ƙwallo mai milimita 10, ya riga ya bincike ƙwaƙwalwar gaba ɗaya da idonsa, ya biya kuɗin lungu ɗaya kawai. Adadin p da zai samu ba shi da ma'ana. Nikolaus Kriegeskorte da Edward Vul, kowanne da tawagarsa, sun fallasa wannan zagaye a 2009. Saboda haka a ɗauko shinge daga taswirar sassan ƙwaƙwalwa irin AAL ko Harvard-Oxford, ko daga binciken wasu, ko daga zangon ɗaukar hoto da aka ware don gano wurin kaɗai. A rubuta shi a rajistar bincike kafin a taɓa bayanan.

Za a ce shinge yana makantar da mutum ga abin da ke wajensa. Gaskiya ne, amma maganin ba wuya: a kawo taswirar ƙwaƙwalwa gaba ɗaya tare da nata gyaran, a bayyana ta a matsayin lalube. Za a kuma ce ai shinge biyar ko shida duk an tsara su tun farko. To sai a haɗe su wuri ɗaya a gyara a kan jimillarsu, domin gyara kowanne shi kaɗai dawo da matsalar ne ta bayan gida.

Akwai kuma abin da ke ruɗa masu amfani da manhajar SPM. Rufe sakamako da wani kwatancen a matakin nunawa ɓoye boksal kawai yake yi, ba ya canza adadin p da aka gyara. Maɓallin gyaran ƙaramin yanki ne ke sake lissafi. Haka nan shinge mai yawan lanƙwasa, kamar na ɓawon ƙwaƙwalwa, ba ya rage gyaran Worsley yadda ake zato, domin lissafin yana ƙirga faɗin bakin shingen, ba cikinsa kaɗai ba. A irin wannan hali gwajin sauya jeri, kamar randomise na manhajar FSL, ya fi dacewa.

Manhajar ma tana kafa nata shingen ba tare da an tambaye ta ba. SPM yana zubar da boksal da ƙarfin siginarsu bai kai 0.8 na matsakaici ba, kuma a nazarin rukuni, boksal da ya ɓace a mutum ɗaya ya ɓace ga kowa. Ƙasan goshi da gefen kunne, inda kogunan iska ke dusashe sigina, su suka fi shan wannan. A buɗe hoton shingen, a ɗora shi a kan ƙwaƙwalwar, a duba yanka bayan yanka, sannan a rubuta yawan boksal ɗinsa da asalinsa a cikin rahoto.