Jigo a Tallar Gani: Darasi Daga Tallar Volkswagen ta 1959

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ake samar da jigon tallar da ta dogara da hoto, ta hanyar nazarin tallar motar Volkswagen a Amurka. Manufarta ita ce nuna cewa tare ake ƙulla hoto da kalma, don haka tallar da aka mayar Hausa bayan an gama tsara ta takan rasa jigonta.

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabin Hausa sun saba rarrabe jigo da salo wajen feɗe waƙa: jigo shi ne saƙo, salo kuwa hanyar isar da shi. Haka abin yake a tallar allon bakin titi ko shafin jarida. Sai dai mawaƙi yana da baitoci masu yawa na warware jigonsa, mai talla kuwa kallo ɗaya mai wucewa zai ba shi. Dole jigon ya zama guda, hoto da rubutu su ɗauke shi tare.

2.0 Matsalar da Aka Fuskanta

A 1959 kamfanin talla na Doyle Dane Bernbach da ke birnin New York ya karɓi aikin tallata Volkswagen ƙirar Beetle. Motar ƙarama ce, alhali Amurkawa a lokacin manyan motoci suke yayi. Ga shi kuma asalinta Jamus ta zamanin Hitila, shekara 14 kacal bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Tsarin William Bernbach shi ne zaunar da mai rubutu da mai zane wuri ɗaya tun daga farko. A nan Julian Koenig ne ya yi rubutu, Helmut Krone ya tsara shafi.

3.0 Matakan Ƙulla Jigo

Da farko sun nemi gaskiyar hajar, suka amince cewa ƙanƙantar da ake raina ta a kai ita ce abin sayarwa. Sannan suka taƙaita wannan a kalmomi biyu na Ingilishi masu kiran mai karatu ya karkata tunaninsa ga ƙaramin abu. Daga ƙarshe suka bar hoto ya tabbatar da zancen: motar 'yar mitsitsiya a kusurwar sama, sauran shafin fari fat, babu launi. Idan aka cire rubutun, hoton ya zama fili kawai. Idan aka cire hoton, rubutun ya rasa shaida. Gani ya kori ji. A 1999 mujallar Advertising Age ta sanya wannan talla a matsayi na farko cikin tallace-tallacen ƙarni na 20.

4.0 Inda Fassara ke Gazawa

Wata talla a jerin ta nuna motar tana ƙyalli, a ƙarƙashinta kalma ɗaya, wato sunan lemon tsami da Ingilishi. A bakin Amurkawa wannan kalma tana nufin motar da ta fito da aibi. Bayanin ƙasa ya ce mai duba inganci ne ya ƙi amincewa da ita saboda ɗan tabo a jikin wani ƙarfen ado. Ƙarfin tallar yana cikin saɓanin da ke tsakanin kyan hoton da munin kalmar.

A mayar da ita Hausa, a rubuta "lemo", saɓanin ya ɓace, domin Bahaushe bai san lemo da wannan ma'ana ba. "Akwala" ta fi kusa, amma tsufa da lalacewa take nunawa. "Jabu" kuwa zargin kamfanin da ha'inci take yi. Kowane zaɓi yana neman sabon hoto, wani lokaci har sabon jigo.

5.0 Kammalawa

Wannan nazari ya nuna cewa masanin Hausa da aka kira bayan an kammala zane ba abin da ya rage masa sai cike gurbin rubutu. Matsayinsa na tun farko ne, kusa da mai zane, inda karin magana, kirari da habaici za su iya haifar da hoton kansa. Ya kamata sassan koyar da Hausa su haɗa darasin fassara da aikin ƙulla jigon talla, a riƙa gwada ɗalibi da hoto da kalma a lokaci guda.