Kalmomin Gargaɗi da na Zaɓi a Takardun Turanci

Tun daga gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976, takardun da ke isa ofisoshin hakimai a Gwarzo da Kabo yawancinsu da Turanci su ke zuwa, magatakarda ne kuwa ke juya su gaban hakimi da dagatai. To, Turawa ba su cika fito da gargaɗi fili ba, su kan dunƙule shi cikin 'yar kalma guda. In magatakarda ya tsallake ta, ya bar hakiminsa cikin duhu.

A ce takarda ta zo a kan rabon takin zamani, ta ce dagatai su kawo sunayen manoma "on or before Monday, failing which" za a cire ƙauyukansu. Watau ran Litinin ko kafin nan, Talata an makara. "Failing which" kuwa nufinsa in an kasa yin haka. Abin da duk ya biyo bayansa hukunci ne. Wanda ya karanta wa dagacin Getso ko na Garo rabin farko kaɗai, talakawa ya cuta, don damina ba ta jiran kowa.

"Otherwise" da "or else" duka nufinsu in ba haka ba, amma na biyun ya fi kaushi, har a kan faɗe shi a yi shiru, mai ji ya ƙarasa wa kansa. Kada magatakarda ya rubuta shi ga na gaba da shi. "Unless" shi ne sai dai in.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne "you had better". Ganin kalmar "better" a ciki, sai a ɗauka shawara ce, a fassara ta da ya fi kyau. A'a, gara ka yi tun da wuri ke nan, akwai abin da zai biyo baya. Haka kuma in ma'aikata ta ce "you are advised in your own interest", ladabi ne kawai na alƙalami, umurni ne.

Zaɓi na gaskiya shi ne "either" da "or", ko wannan ko wancan, da "alternatively", watau ga wata hanya kuma. Nan hakimi na da ikon ya duba wadda ta fi wa jama'arsa sauƙi, sa'an nan ya amsa a rubuce, ya faɗi wadda ya ɗauka.