Yadda Ake Auna Kaushin Abu da Zaren Fayiba

Gilashin waya da bayanta na ƙarfe suna da sumul a hannu, amma idan aka duba da madubin ƙara girma, cike suke da ƙananan tudu da kwari. Injiniyoyi suna auna wannan kaushi da maikuron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. Gashin kan mutum ma kaurinsa ya kai kusan maikuron 70. Matsakaicin tsayin tudun da zurfin kwarin shi ake kira Ra.

Tsohuwar hanyar awo ita ce a ja allura mai kan lu'ulu'u a kan abin, tana hawa tana sauka. Tana da inganci, sai dai tana da jinkiri, kuma tana iya karce abu mai laushi kamar roba ko fenti.

Sensar fayiba kuwa ba ta taɓa komai. Zaren gilashi ne irin wanda ke ɗauko intanet ta ƙarƙashin teku, kaurinsa maikuron 125 idan an cire rigarsa. Zare ɗaya yana harba haske daga LED ko leza, wani zaren a gefensa yana karɓar wanda ya dawo. Idan wurin sumul ne, hasken zai dawo a dunƙule ta kusurwa ɗaya, kamar daga madubi. Idan akwai kaushi, sai ya watse ta ko'ina, kaɗan ne zai shiga zaren karɓa. Wannan watsewar ce ta sa sikirin gad mara sheƙi ba ya ƙyalli a rana, kuma ita ce ke ɗan dusashe hoto.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne nan: sensar ba kaushi take aunawa kai tsaye ba, yawan hasken da ya dawo take ƙirgawa. Nisa yana canza wannan adadi. Launi ma haka, da ƙura, da maiƙon yatsa. Baƙin ƙarfe mai santsi zai iya ba da lamba irin ta farin ƙarfe mai kaushi. Sensar da ke kashe fuskar waya idan an kara ta a kunne ma da dawowar haske take aiki, shi ya sa datti ke rikita ta.

Maganin shi ne a tsayar da nisan, a goge wurin, sannan a sa zaren karɓa biyu a kusurwa daban-daban, manhaja ta raba adadin ɗaya da ɗayan. Ko fitilar ta yi rauni, sakamakon rabon ba zai canza sosai ba. Kafin a fara aiki kuma dole a gwada sensar a kan samfura na ƙarfe iri ɗaya da aka riga aka san Ra ɗinsu. In ba haka ba, masana'anta za ta iya tura boris mai kaushi kasuwa, ya ci kansa cikin inji.