Yadda Ake Riƙe Filasma a Cikin Tokamak

Cikin tokamak ɗaki ne na ƙarfe mai siffar gammo. Da farko a zuƙe iskarsa sarai, a kunna manyan maganaɗisun da suka kewaye shi, a fesa ɗan haidurojin mai nauyi, sannan a tura lantarki ta cikinsa har ya zama filasma. Wannan aikin kullum ne.

Wajen ƙara wuta ake gane gwani. Ana harba ƙwayoyi masu gudu da igiyar rediyo har zafi ya haura digiri miliyan 100, matsi kuma na hawa. In matsi ya ninka biyu, makamashin da ake samu kan ninka huɗu, shi ya sa kowa ke kwaɗayin ƙarawa. Amma idon mai aiki na kan beta, wato matsin filasma in an auna shi da matsin maganaɗisun da ke riƙe da ita. A 1984 Francis Troyon da abokan aikinsa a Lozan, ƙasar Suwizalan, suka nuna cewa beta na da iyaka, kuma iyakar tana tashi ne gwargwadon lantarkin da ke gudana cikin filasmar. Ga tokamak ɗin ITER da ake ginawa a kudancin Faransa, lissafin ya tsaya wajen kashi 4 cikin 100. Saboda haka lantarki ake fara ɗagawa, zafi ya biyo baya sannu a hankali. Wanda ya yi gaggawa zai ga filasma ta lanƙwashe, ta kumbura ta gefe, kafin ƙiftawar ido ta zubar da zafinta a bango, injin ya girgiza.

Cunkoson ƙwayoyi ma na da tasa iyakar, wadda Martin Greenwald ya fitar a 1988, ita ma lantarkin take bi. Don haka in za a kashe, zafi da cunkoso ake fara ragewa kafin a sauke lantarki.

Mutanen wannan sana'a suna burge ni ƙwarai: shekaru suke yi suna shiri saboda daƙiƙoƙi kaɗan. Ma'aikatan tokamak ɗin Alcator C-Mod a jami'ar MIT ta Amurka sun kai matsin filasma ninki 2.05 na matsin iskar duniya a 2016, a ranar ƙarshe da injin ya yi aiki. Tokamak ɗin JET na Ingila kuwa, a 2023, ya ba da makamashi megajul 69 cikin daƙiƙa biyar kacal.